Ka Cire Fatar Nan Daga Kan Fitila

Rano,
cikin damina.

Zuwa ga maigidana, mai sunan Malam,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya a gidan kawunka a Fagge, tun ba ka kama hanyar Barno ba. Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya raba ka da sharrin ƙarfe da sharrin hanya. Sunanka Ɗanjuma direba zai rubuta mini a bayan ambulan. Sunan kakanka ne, bakina bai taɓa faɗinsa ba, hannuna ma ba zai fara yau ba.

Ka yi haƙuri da rubutun, ya yi kama da sawun agwagwa a taɓo. Iyakar inda ajin yaƙi da jahilci ya kai ni ke nan, yanar idon nan kuma sai rana ta take nake ganin baƙi. Kada ka nuna wa abokanka na makaranta su ce matarka jahila ce. Ko da yake mijin da ya tafi aikin gwamnati ya bar mace ko ɓarin goro babu, ba shi da bakin yi wa kowa dariya.

Ba labarin gida zan ba ka ba. Magana ɗaya ce ta zaunar da ni a rana. Jar fatar nan mai tuntaye da ka ɗaura a kan fitilar babur, ka cire ta. Ka ajiye takardar nan ka je ka cire, sannan ka dawo ka ci gaba da karatu.

Ranar da za ka tafi, da Liman ya shafa addu'a, na matso ina shafa babur ɗin ina tofa masa tawa. Hannuna ya bi tanki, ya hau kan fitila, sai na ji fata. Ko a kabari aka miƙo mini ɗinkin nan zan gane shi. Kai kuwa kana ta murna, ka ce, “Iya, kin gane ta? A adudunki na tsinta ranar da kika aike ni ɗauko bargo. Ta kakana ce, da ita zan shiga Barno.” Mutane suka ce Allah ya ji ƙan Malam. Ni ina neman ta inda zan fara a gaban jama'a. Kafin in samu ka riga ka juya, kuma ka san ba a kiran matafiyi ta baya. Haka na tsaya a ƙofar zaure har ƙarar ta ɓace ta wajen duwatsu.

Ga wani abin da ya ƙara hana ni sukuni. Kwanakin baya da kake gwada babur ɗin a tsakar gida da magariba, ko ni mai rabin ido na ga fitilar ta yi ja kamar ta aci-balbal, hon ɗin kuma yana kuka kamar zakara mai mura. Na yi magana, ka ce, “Batir ne ya tsufa, Iya, kamar wata da na sani. In na shiga Kano sai in sayi sabo. Ai ga shi bugu ɗaya yake tashi.” Na bar maka zancen tsufa, za mu haɗu. Amma sauran maganar, kakanka ma haka ya faɗe ta, ba ragi ba ƙari.

Tashin babur ɗin nan ba shaida ba ne. Wutar da ke tayar da injinsa daga wani wuri take fitowa, ba ruwanta da batir. Zai iya yin gudu kamar barewa alhali fitila na gab da mutuwa. Wannan ƙanena Garba ne ya koya mini, wanda kuke kira Saje, da ya dawo daga yaƙin Bama na zamanin Turawa da kunne ɗaya da sanin wayoyin mota. Da yana raye da shi zan tura ka wurinsa, in huta da wannan dogon rubutu. Ya tafi, Malam ya tafi, babanka ya riga su. Ni kaɗai na rage da na san cikin babur ɗin nan, kai kaɗai ka rage mini mai hawansa.

Saje da kalmomin soja yake bayani, ni kuwa sai na mai da shi randa kafin ya shiga kaina. Batir randa ce. Dainamo, ƙarfen nan mai kamar gwangwani da ke gaban inji, shi ne mai ɗebo ruwa. Wayoyi su ne hanyar rijiya. Ɗan akwatin da ke ƙarƙashin sirdi, katawut, shi ne mai tsayawa a bakin randa yana cewa ya isa haka. In ka buɗe randa da safe ka tarar ba ruwa, ba ka fara da zagin randa. Ko ta tsage, ko ba a ɗebo ba, ko an ɗebo an zubar a hanya, ko wani na sha a ɓoye. Wanda ya sayo sabuwar randa cike da ruwa zai sha, ya ji daɗi, ya ce ya gama gyara. Ran da ruwan ya ƙare zai gane ba mai ɗebowa.

Da na faɗa wa Saje haka sai ya ce, “Yaya, da ke aka kai Bama da an gama yaƙin da wuri, don surutunki kaɗai ya isa ya kori abokan gaba.”

Bari in ba ka labarin ɓarnar da na yi wa babur ɗin nan, ka yi dariya in kana so, amma ka riƙe abin da ke ciki.

Malam ya saye shi hannun wani Baturen gona da zai koma ƙasarsu. Lokacin yana malamin auduga, kullum yana hanya, yau Dawaki, gobe Kahu, jibi Nariya. Ni kuwa na ɗauki babur ɗin kamar baƙon da ya zo daga Makka. In share ƙarƙashinsa, in lulluɓe shi da tabarma, in kori kaji. Wata rana na ji Malam na cewa ruwan batir ya yi ƙasa, sai an shiga Kano a samo. Na ce a raina, ruwa ne har sai an je Kano, ga rijiya a gida? Yana fita masallaci na ɗauki ludayi na buɗe murafan nan na cika su har baki. Ka san ruwan rijiyarmu da zartsi, ko sabulu ba ya kumfa a ciki. Ban faɗa wa kowa ba, ina jiran a gano a yaba mini. Batir ya yi ta rauni kamar mai ciwon shawara, har ya daina riƙe komai. Saje ya zo ya leƙa ciki, ya dube ni, ya ce, “Yaya, saura daddawa da kuka, miya ta haɗu.”

To, kai ma za ka je inda ba ruwan kanti. Ruwan sama za ka tara, a tasar tangaran mai tsabta, a tsakiyar fili, ba na indararo ba, kuma ka bari ruwan farko ya wanke sama tukuna. Ka zuba a kwalba ka toshe. In za ka ƙara, ya rufe farantan ciki kawai, kada ka cika kamar yadda wata ta yi. Ka dubi kawunan batir ɗin. In ka ga wani farin gari mai kore-kore kamar funfuna, ka wanke da ruwan ɗumi da 'yar kanwa, ka kula kada ya shiga ciki, ka kankare, ka ɗaure tamau, ka shafa ɗan giris. Sau da yawa a nan kaɗai ciwon yake. Kuma ka ji ni, kai da za ka riƙa tsira wa shanun mutane allura, kafin ka yi wa abu alheri ka tambayi wanda ya san shi. Ni da zuciya ɗaya na kashe batir ɗin nan.

Ka ce na yi hankali daga nan? Ina fa. Bayan an sa wani batir, sai dainamo ya fara wata 'yar tsuwa kamar ɓera a rumbu. Malam bai damu ba, ni na damu. Duk abin da ya yi kuka a gidan nan, daga ƙyauren zaure har keken Malam na da, man gyaɗa da gashin kaza ke yi masa magani. Na kwance ɗamarar ƙarfen da ke bayan dainamo da bakin wuƙa, na ɗiga masa mai har ya ƙoshi. Kukan ya tsaya cik. Wannan karon har na yi alfahari, na ce wa Malam ya daina wahalar da Saje, yana da makaniki a ɗaka.

Malam ne ya lura. Akwai ɗan agogon nan a saman kan fitila, mai allura ɗaya, wanda ke gaban idon mai tuƙi. Ya ce allurar ta daina tashi. Aka kira Saje. Ya buɗe, ga wani baƙin kwaɓi kamar an dama toka da mai. Ya nuna mini wasu 'yan guntaye biyu masu kama da gawayi, kabon sunansu, suna goga jikin wani zoben jan ƙarfe. Ya ce a nan ake haihuwar wuta, kuma wurin ba ya son maiƙo ko kaɗan. Ya sa tsumma da fetur ya goge zoben har ya yi ƙyalli. Yana gogewa yana cewa, “Allah ya taimake mu ba ki soya masa albasa ba.”

Ranar ni na riƙe masa ƙwan fitila, shi ya sa na san gwajin. Ya cire wayoyi biyun da ke fitowa daga dainamo, ya haɗa bakunan nan biyu da 'yar guntuwar waya, ya jawo ta zuwa gindin ƙwan fitila, ya ce in danna gefen ƙwan a jikin ƙarfen babur. Ya tayar da inji, ya murɗa totur a hankali. Ƙwan ya yi ja, sannan ya yi fari a tsakanin yatsuna. Na kusa jefar da shi. Ya ce to, mai ɗebo ruwa ya warke. In da bai kama ba, a cikin dainamo ciwon yake. In ya kama amma batir bai samu ba, sai a bi hanya. Kada ka ba shi wuta da yawa a gwajin nan, ƙwan fashewa zai yi.

Saboda haka in ka buɗe, ka ga ko kabon ya cinye ya gajarce, ko ya maƙale ba ya motsi, ko zoben ya yi baƙi. Ka bi wayoyi da yatsa ɗaya bayan ɗaya, musamman ƙarƙashin tanki inda suke gogar ƙarfe. Babur ɗin ya daɗe a jingine kusa da buhunan gyaɗa kafin kawunka ya sa a tashe shi, kuma ɓerayen gidan nan ba su san wayar Ingila ba. Akwai wata gajeriyar waya da ta tashi daga batir ta ɗaure a jikin ƙarfen babur. Ba mai kula ta, amma in tsatsa ta ci gindinta komai ya tsaya. In kana zargin mai sha a ɓoye, ka cika batir, ka cire masa kai ɗaya ka bar shi ya kwana. In ya wayi gari da ƙarfinsa alhali da a haɗe yakan zube, wata waya ce ke tsotse shi. In a cire ma ya zube, to, a nan ne randa ta tsage, ka sayi sabuwa da izinina. Katawut kuwa kada ka taɓa cikinsa. Ka kai wa mai gyaran wuta, ka tsaya a kansa, kada ka tafi cin tsire. In ya fara da cewa sai sabon batir tun bai buɗe komai ba, ka yi masa sallama ka tura abinka gaba.

Duk wannan da na lissafa, ɗan agogon nan shi ke fara faɗa maka. In inji na kashe ka kunna fitila, allura za ta kwanta gefen hasara. In ka tayar ka murɗa, dole ta tsallaka gefen riba. In ta ƙi, ba a zuba komai a randa, komai hasken da kake gani. Shi ne bakin babur ɗin. Shi na rufe.

Rana ce ta fara cin fentin kan fitilar, ruwan sama kuma yana kwanciya a gilashin agogon. Na ji tausayinsa. Ina da fatar wani ɗan akuyana da aka jeme, na aika aka kira wani baduku daga Kibiya ya zo zaure ya auna. Ta bayan asabari ya tambaye ni, “Uwar gida, wannan idon na sama fa, a bar masa kafa?” Na ce ya rufe shi, ai saboda shi ake yin rigar. Ya rina ta ja, ya bi ta da koren ɗinki, ya sa tuntaye, ya yi mata igiyar zarge ta ƙasa mai wuyar kwancewa don kada iska ta ɗauke.

Kakanka ba mai yabo ba ne. Tuwo in ya yi daɗi, sai dai ka ga kwano ya dawo a wanke. Amma ranar ya zagaya babur ɗin, ya shafa fatar, ya ce, “Ko Baturen bai hau shi da wannan kyau ba.” Ya ce zai riƙa kwancewa yana duba allura lokaci-lokaci. Ya kwance da fari. Igiyar na cin lokaci, shi kuma kullum cikin sauri yake, sai ya bari. Saje lokacin ya bi wata mota Jos.

Fitila ta fara ja. Malam ya ce batir ne ya tsufa, ya shiga Kano ya sayo sabo. Haske ya dawo fari tas, muka ce alhamdu lillahi. Ina jin har na ce masa yanzu kam an huta.

Damina ce kamar wannan. Ya je Nariya duba gonaki, ruwa ya tsare shi, bai taso ba sai da ya yi magariba. Ya ƙi kwana don ya ce mini zai dawo. Hanyar da ya bi da safe lafiya, kafin yamma ruwa ya yanke ta, ya haƙa kwazazzabo. Daga baya ya faɗa mini yana cikin gangara hasken ya yi ja, ya yi kamar garwashi, ya ɗauke. Inji kuwa bai san an yi ba, yana ta gudunsa.

Fulanin wata ruga ne suka ji ƙarar babur na fitowa daga ƙasa, wurin da ba hanya. Su suka ciro shi, suka ɗora a takarkari, Ardonsu da kansa ya riƙo igiya har ƙofar gidan nan. Ƙugu ne ya karye. Maɗori ya yi iyakar yinsa. Malam bai sake tsayawa da ƙafarsa ba. Mutumin da ya san kowace gonar auduga daga nan har Kibiya ya koma sanin azarar ɗaki. Ya yi damina da rani a kwance, ya sake yi, har Allah ya karɓi abinsa. Kai lokacin kana Kahu wurin dangin uwarka, abin da aka faɗa maka shi ne fitila ta mutu. Ba ƙarya aka yi maka ba, kuma ba ɓoyo aka yi ba. Waɗanda suka san sauran ne suka ƙare.

Da Saje ya dawo aka jawo babur ɗin tsakar gida. Ya kwance fatar, ya miƙo mini. Shi da ba ya ganina bai tsokane ni ba, ranar ko sau ɗaya bai yi ba. Ya bi wayoyi, ya tarar ɗaya ta sulluɓe daga bakin dainamo. Girgizar hanya ce ta kwance ta. Da bakin wuƙa ya mayar ya ɗaure, kafin in ɗora ruwan zafi ya gama. Tun yaushe allura ke kwance tana faɗa, a ƙarƙashin jar fata, ba mai gani.

Malam bai taɓa ɗora mini ba. Sau ɗaya na ɗauko zancen, ya ce, “Ni ke hawa, ni ya kamata in duba. Kawo mini buta.” Na so in jefa fatar a murhu, na kasa, don shatin hannunsa na nan inda yake dafawa in zai hau. Na cusa ta ƙasan adudu, ban taɓa zaton akwai ɓarawon da zai kai can ba. Ashe a gida na raine shi.

To, maigida, ga abin da nake so. Kada ka bar Kano sai ka ga allurar nan ta tsallaka da idonka. In sabon batir ya ba ka haske, kada ka yarda da shi har sai allura ta ba da shaida. Hanyar Barno ban san ta ba, amma an ce doguwa ce, garuruwanta nesa da juna. In la'asar ta yi sanyi, inda ka samu mutane nan ne masaukinka. In ka ga haske ya fara ja, ka tsaya a rugar da ta fi kusa, ba za su hana mai allurar shanu tabarma da nono ba. Kuma kada ka yi wa kowa alkawarin dawowa a ranar da ka fita. Ko ni ce. Musamman ni.

Ɗanjuma zai juyo Rano ran kasuwa. Ka ba shi fatar ya kawo mini. Kada ka wahalar da kanka da rubuto amsa cewa ka cire, na san bakinka, tun kana ƙarami kake cewa ka wanke ƙafa alhali taɓo na nan. Kuma idona ba zai iya da ƙananan rubutunku na 'yan makaranta ba. Fata kuwa hannuna zai karanta ta. Zan sa a fitar mini da tabarma zaure duk ranar da motar za ta shigo. In ya miƙo mini na ji tuntayen nan a tafina, na san kana ganin allurarka, sai in ci tuwo. In ka haɗo da goro ba zan mayar ba.

Ka gaishe da kawunka da iyalinsa. Allah ya kai ka lafiya, ya sa ka a hannun mutanen kirki, ya haska maka duk hanyar da za ka bi, ya sa rana ta riƙa faɗuwa kana cikin mutane. In da rabon mu gana, Allah ya dawo mini da kai da ƙafafunka. In babu, ka yafe mini surutu, ni na yafe maka duniya da lahira.

Ni ce matarka ta fari, mai jiran fata,
Iya Kande.